Baƙin Ƙwari a Tankin Malam Birki

Malam Birki kowa ke kiransa, har ya zamana in an ambaci sunansa na yanka sai an maimaita yake waiwayowa. Aikinsa koyar da tuƙin mota, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a gefensa ya san kalmar da ta fi saurin fita daga bakinsa. Matarsa, Maman Biyu, takan rantse cewa ko juyi ya yi a kan gado sai ƙafarsa ta dama ta taka wani abu. Tun yana ɗan makaranta yake sanye da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, amma hakan bai hana shi alfahari da idonsa ba. Yakan gaya wa ɗalibansa cewa kafin mai keke ya gama shawarar shigowa titi, shi ya riga ya gan shi.

In an cire mota, abin da ya mallaki zuciyarsa shi ne tankin gilashin da ke falo, tsakanin taga da kabad ɗin kwanuka. Ruwan gishiri ne a ciki, irin na teku, wanda yake haɗawa da kansa a jarka yana aunawa kamar mai haɗa magani. Akwai duwatsu masu ramuka da aka ɗebo daga teku, a kansu murjani mai rai yana buɗewa kamar fure in an kunna fitila. Kifayen ba su da yawa: wasu biyu masu ruwan lemo da farin zane, sai wani shuɗi mai rawayar wutsiya da Maman Biyu ta raɗa wa Ɗan Gayu. Tankin ya shigo gidan ne bayan tagwayensu sun tafi karatu wani gari, kuma tun daga lokacin falon ya koma duhu-duhu, don Malam ya hana a ɗaga labule, wai rana tana kawo gansakuka. Ita ba ta taɓa tankin, shi ma ba ya so a taɓa. Ko tsumma ta ɗauka za ta goge gilashin ta waje, sai ta ji gyaran murya a bayanta.

A cikin ramukan irin waɗannan duwatsu wasu ƙananan halittu kan ɓuya su shigo tanki ba da gayyata ba. Dangin ƙaguwa da jatan lande ne, sai dai wasunsu ba su fi ƙwayar gishiri girma ba. Sunayensu na littafi suna karya wa Malam Birki harshe, don haka ya raɗa musu nasa. Akwai 'yan tsalle, farare kamar garin alli, masu maƙalewa a gilashi suna zabura. Akwai 'yan doro, masu kama da lanƙwasasshiyar ƙwayar shinkafa. Waɗannan duka alheri ne, suna cin datti, kifi kuma ya ci su. Wanda ake gudu shi ne wanda yake kira kaska: shimfiɗaɗɗe, da manyan baƙaƙen idanu biyu, ya manne a jikin kifi ya yi ta shan jininsa.

Washegarin ranar da ya kawo wani sabon dutse daga shagon kifi ne abin ya faru. Bayan ya karya, ya sunkuya ya ciccibi jarka zai ƙara ruwa. Yana miƙewa sai wani haske ya gilma ta gefen damansa kamar walƙiya. Ya ajiye jarkar ya dudduba wayar fitilar tankin, ya ga lafiyarta lau. Hasken ya sake gilmawa. Ya ja tsaki, ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko, ya kai fuskarsa kusa da gilashi don ya gaisa da sabon dutsensa.

Da baya ya yi tsalle har ya ture kujera.

Tankin cike yake da ƙwari. Ba farare ba, baƙaƙe ƙirin, kamar an yi ɓarin garin gawayi a ruwa. Wasu ɗigo-ɗigo, wasu da 'yar wutsiya, wasu sun sarƙe da juna kamar zare. Ba sa tsalle, ba sa gudu, shawagi suke yi gaba ɗayansu. In ya bi ɗaya da kallo don ya ga ƙafafunsa, sai ya zille, sauran duk su bi shi.

"Innalillahi! Maman Biyu! Zo, zo ki ga masifa!"

Ta fito daga kicin da kumfar sabulu a hannu. "Lafiya? Gilashin ne ya tsage?"

"Ina ma shi ne. Duba abin da dutsen nan ya kawo min."

Ta duƙa ta leƙa. Ɗan Gayu ya wuce yana kaɗa wutsiya, murjani na ta rangaji. Ta ce, "Me zan duba?"

"Ƙwari mana! Ga su nan ko'ina, ba masaka tsinke!"

"Malam, ni ban ga komai ba. Ruwa garau."

"Garau?" Ya ɗauko wata kwalba mai faɗin baki, ya kamfato ruwan, ya ɗaga ta saitin fitila. Ga su nan a ciki suna yawo. Ya kai mata har hanci. "Wannan fa?"

"Ruwa ne a kwalba."

"Ke dama allura in ta faɗi sai kin kira ni."

"To ai shi ke nan, mai ido. Ko dai ƙwarin naka masu kunya ne, ba sa fitowa gaban mata?" Ta ƙyalƙyale da dariya ta koma kicin.

Shi ko murmushi bai yi ba. Bai taɓa ganin irin waɗannan ba, ba a littafi ba, ba a tankin kowa ba. In masu shan jini ne, da wannan yawan nasu, kafin ya dawo daga aiki sun gama da kifayensa. Ya rufe kwalbar, ya zura takalmi.

Motar koyarwa a ƙofar gida take kwana, kuma ɗalibarsa ta safe ta riga ta iso tana jira a inuwa. Dattijuwa ce da ta yi ritaya daga aikin gidan waya, ta ce ta gaji da jiran 'ya'ya su kai ta unguwa. A makarantar tuƙi Goggo Giya-Ɗaya ake ce mata, don tun da ta fara ba ta yarda ta wuce giya ta ɗaya ba sai an kai ruwa rana.

"Goggo, yau darasi ya canja. Shagon kifi za mu."

"Ni? Har can? Malam, akwai shataletale fa a hanyar."

"Za mu bi ta baya. Ina gefenki, birki na biyu yana ƙarƙashin ƙafata. Tayar da mota."

Suka kama hanya a hankali kamar masu rakiyar mara lafiya. Malam Birki ya ɗora kwalbar a cinya yana ta leƙa ta. Da ya ɗaga kai ya kalli titi, sai ya ga baƙaƙen ɗigon a kan gilashin mota, har da kan sararin sama. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"'Yan banza," in ji shi. "Ruwan ya fallatsa a tabarau, sun biyo ni."

Ya mayar, suna nan. Ya sake cirewa ya hura musu iska, ya goga da ƙarfi. Yana cikin wannan ne suka iso wata mahaɗa kusa da gidan burodi.

Motar ta yi wata irin tsayawa, ta yi tari ta mutu. Kansa ya kusa bugun gilashi, murfin kwalbar ya fice, rabin ruwan ya ƙare a wandonsa. Wani mai keke ɗauke da doguwar tsani ya gifta ta gaban motar, hancinta ya kusa shafarsa, yana ɗaga hannu yana surfa musu zagi.

Goggo ce ta taka birki, da kanta. Ƙafar Malam Birki tana nan inda take, ko motsi ba ta yi ba.

"Malam," in ji Goggo, "ba ka ce birki ba."

"Daga ina ya ɓullo?"

"Ta damanka fa. Tun daga nesa nake ganinsa, ina jira ka yi magana."

Ya waiwaya dama. Hanya ce fetal, ba mota a ajiye, ba bishiya, ba abin da zai ɓoye mutum da tsani. Tun da ya fara wannan aiki ɗalibi bai taɓa riga shi ba.

"Gwada ki nake yi," ya ce. "Kin ci. Mu je."

Goggo ta dube shi ta gefen ido. Ta tayar da mota. Shi kuma ya mayar da murfin kwalbar.

Shagon kifin dogo ne, tankuna jere hagu da dama, injinan ruwa na ta gurnani, bango fari fat da fitilu masu haske kamar ɗakin tiyata. Mai shagon, wanda abokan cinikinsa ke kira Mai Teku, yana tsaye da farar riga yana ba wasu kifaye abinci. Malam Birki bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya dangwara kwalbar a kan kanta.

"Dutsen da ka ba ni jiya ya zo da annoba."

"Subhanallahi. Kawo mu gani."

Mai Teku ya juye ruwan a wani farin faranti, ya jawo fitila, ya ɗauko madubin ƙara girma. Ya daɗe yana bin farantin lungu-lungu. Goggo ta matso ita ma tana leƙe.

"Ga 'yan tsallenka nan guda biyu," in ji Mai Teku, yana nuni da tsinke. "Farare, masu lafiya. Ai murna ya kamata ka yi."

"Ba su nake nufi ba. Baƙaƙen."

"Waɗanne baƙaƙe?"

"Haba! Kai ma? Ga su nan sun rufe farantin!"

Mai Teku ya kalli farantin, ya kalli Goggo. Goggo ta girgiza kai a hankali. Ya ajiye madubin, ya ce, "Malam, don Allah cire tabaran nan, ka kalli bango."

Ya cire a fusace. Kamar kullum, duniya ta narke, tankuna suka koma wasu dunƙule-dunƙulen haske. Amma ƙwarin ba su narke ba. Suna nan tar, sun ma fi fitowa. Suna kan farin bango. Ya ɗaga kai, suna kan silin. Ya sauke, suna yawo a kan rigar Mai Teku. Tabaran na hannunsa, kwalbar ba komai a ciki, ruwa yana can a faranti.

"Sun fito daga ruwa," ya ce, da wata ƙaramar murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

Sai hannunsa ya yi abin da yakan sa sababbin ɗalibai su yi kafin ya miƙa musu makulli. Ya mayar da tabarau, ya rufe idon dama da tafi. Bango fari tas, ko ɗigo babu. Ya sauke hannu ya rufe na hagu.

Ƙwarin suka dawo gaba ɗaya, kuma ba su kaɗai ba. Daga gefen dama wani baƙin labule ya jawo kansa ya shigo, ya cinye tankunan wannan ɓangaren, ya cinye kafaɗar Mai Teku da kunnensa. Ya juya ido, labulen ya bi shi. A nan mai keke ya ɓuya da tsaninsa.

Ya zauna daɓas a kan wani buhun gishiri, bakinsa a buɗe.

"A cikin idona suke," ya ce. "Goggo, a cikin idona suke. Kuma rabin shagon nan babu shi."

"La'ilaha illallahu!" Goggo ta dafe ƙirji.

"Da zafi?" in ji Mai Teku.

"Ko kaɗan."

"Wannan ya fi ƙarfin madubina, Malam. Asibitin ido, yanzu-yanzu. Ni babur gare ni, kuma ba zan ɗora ka a kai a haka ba. Bari in nemo tasi."

"Wace tasi?" in ji Goggo. Ta riga ta zaro makulli daga jaka. "Ga mota a waje. Kama shi mu je."

Hanyar asibiti ba ta da ta baya, dole sai ta shataletale. Malam Birki na zaune a kujerarsa ta kullum, tafinsa a kan ido, ya ji injin ya yi kuka, sai ya ji Goggo ta sa giya ta biyu ba wanda ya roƙe ta. Can ta sa ta uku. Tana tuƙi tana salati da ƙarfi, tana yi wa manyan motoci hon. A shataletalen ta rasa mafita, ta zagaya, ta sake zagayawa, sannan ta kutsa ta fice. Da wata rana ce da ya cika motar da ihu. Yau ya janye ƙafarsa daga birki ya naɗe ta ƙarƙashin kujera, don bai yarda da abin da yake gani ba balle ya taka.

Ya lalubo waya ya kira gida.

"Maman Biyu, ba a tanki suke ba."

"Su wa?"

"Ƙwarin. A idona suke. Muna hanyar asibiti."

Sannan ta ce, "Malam, ba na son irin wannan wasan."

"Goggo ce ke tuƙa ni," ya ce.

Ya ji ƙarar kwano ya faɗi ƙasa.

A asibiti ba a bar shi ya zauna a layi ba. Yana faɗin walƙiya da ɗigo da labule, ma'aikaciyar jinya ta tashi ta kama hannunsa. Aka ɗiga masa magani, aka sa shi ya ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, likitar ido ta haska masa fitila mai kaifi tana cewa ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya kalli kunnenta. Tana cikin dubawa Maman Biyu ta faɗo ɗakin tana haki, mayafinta a baibai.

Likita ta ja kujera baya. "Baba, a can bayan ido akwai wani siririn tantani, kamar takardar da aka manna a bango. Shi ke ɗaukar hoton duk abin da kake gani. Naka ya yage, jini ya ɗiɗɗiga a cikin ruwan idon. Ɗigon jinin nan su ne ƙwarinka. Labulen kuma tantanin ne ya fara ɓallewa daga bango."

"Jinina nake kallo tun safe?"

"Shi kake kallo."

"Na zuba shi a kwalba," ya ce, kamar mai magana cikin barci. "Na kai shi shago a gaya min sunansa."

"Masu tabarau mai kauri irin naka ya fi samu. Sa'ar da aka yi, bai kai tsakiyar gani ba tukuna. Yau za mu yi aiki."

"Yau? Ina da ɗalibai da rana."

"In ka je wurinsu, gobe labulen ya rufe ɗakin gaba ɗaya."

Maman Biyu ta zame ta zauna a bakin gadon gwaji, hannu biyu a ka. "Ni da na yi masa dariya. Likita, dariya na yi masa, na ce ƙwarinsa masu kunya ne."

"Gara da kika ce ba ki gani ba, Mama," in ji likita. "Da kin biye masa don a zauna lafiya, da yanzu yana gida yana canja ruwan tanki."

Aka yi aikin kafin la'asar. Da ya farfaɗo, ido a naɗe da bandeji, sai aka gaya masa abin da ya fi aikin wuya. An sa kumfar iska a cikin idon don ta danne tantanin har ya kama. Iska kuwa sama take yi, saboda haka dole bayan idonsa ya kasance a sama. Wato ya kifa fuska, a zaune ko a kwance, ba ɗagowa sai da dalili mai ƙarfi, har sai likita ta sallame shi.

Haka Malam Birki ya koma gida ya kwanta rub da ciki, ƙirji a kan matashi, kai ya zarce bakin gado, goshi a kan tawul da aka naɗe a bisa wata 'yar kujera. Duniyarsa ta koma tayil ɗin ƙasa da ƙafafun masu zuwa dubiya. Ya gane tagwayensa da takalmansu lokacin da suka zo suka koma. Ya gane Goggo da yatsun ƙafarta. Abinci da tsinken shan lemo da cokali ake lallaɓa shi. In gidan ya yi tsit yakan ji gurnanin injin tanki daga falo, ya yi ta tunanin mai keken nan da tsaninsa, da abin da zai faru da a ce Goggo ta ci gaba da jiran ya yi magana. Duk sanda ya tuna sai gumi ya karyo masa.

Tankin kuwa dole ya koma hannun Maman Biyu. Daga ɗaki yake ba da umarni yana magana da ƙasa, ita kuma tana amsawa daga falo.

"Abincin kaɗan fa! Abin da yatsu biyu suka ɗauka!"

"Na ji!"

"Kin wanke hannu? Ba da sabulu ba!"

"Malam, na raini tagwaye, ba kifi uku ne za su gagare ni ba!"

Wata safiya ya ji ta yi shiru a falo fiye da yadda ta saba. Sai ga ƙafafunta sun shigo da sauri sun tsaya a gabansa.

"Malam, kada ka ɗago. Ka yi min alkawari ba za ka ɗago ba."

"Me ya faru?"

"Akwai wani abu a jikin Ɗan Gayu."

Saura kaɗan ya ɗago. Ta danne ƙeyarsa da tafin hannu.

"Wane irin abu? Fari ne? Yana tsalle?"

"Ba ya tsalle. Ya lafe a bayan kunnensa, ko me ake ce wa wurin. Ruwan toka ne."

"A lanƙwashe yake ko a shimfiɗe?"

"A shimfiɗe, kamar ƙaramin kyankyaso. Bayansa gaɓa-gaɓa."

"Koma ki duba kansa. Akwai ido?"

Ƙafafun suka fita, suka dawo da gudu. "Wayyo, Malam, yana da ido! Manya biyu, baƙaƙe, sun fi ƙarfin kansa. Wallahi kallona yake yi!"

"Kaska ce," ya ce. "Ashe dai dutsen ya zo da baƙo. Jininsa take sha. In aka bar ta, ta kashe shi."

"Na shiga uku. In kira Mai Teku?"

"Kafin ya buɗe shago ya zo, an daɗe. Ke za ki cire."

"Ni? Ni da ko kifin miya sai an gyara min?"

Amma ta tafi. Ya ji ta tana fama da ragar kamun kifi, ruwa na fantsama, tana yi wa Ɗan Gayu magiya tana haɗawa da zagi. Ya ji wani dutse ya rufta a cikin tankin, ya runtse idonsa mai lafiya ya cije leɓe. Can sai ga ta da farar roba da ruwa a ciki, ta tura ta ƙarƙashin fuskarsa, daidai inda yake kallon ƙasa.

Ga Ɗan Gayu a kwance a cikin raga, shuɗinsa ya koɗe, yana numfashi sama-sama. Ga kaskar a manne a gefensa, ta yi ɓul-ɓul. Malam Birki ya daɗe yana jin labarinta, bai taɓa ganin ta a fili ba sai yau, da ido ɗaya, kai a kife.

"Jiƙa hannunki ki riƙe shi a cikin ragar, kada ki matse. Ɗauko hantsakin girarki. Ki kama ta ta tsakiya, ki ja ta baya a hankali, ta wajen wutsiya."

Hantsakin ya kuɓuce mata sau ɗaya. A na biyu ta kama. Abin ya yi ta wutsil-wutsil da ƙafafu masu ƙugiya, ya ƙi saki, sannan ya saki. Ta yi ƙara ta jefa shi a kofi, ta ruga da kifin ta mayar tanki. Da ta dawo sai ta zube a ƙasa kusa da gadon, inda zai iya ganin fuskarta. Ta yi sharkaf, gira ɗaya na ɗigar ruwan gishiri.

"Akwai wasu?" ta tambaya.

"In an ga ɗaya, da wuya a ce ita kaɗai ce. A cikin duwatsu suke ɓuya."

Ta miƙe. Ta ɗauki kofin ta fita. A kwanakin da suka biyo baya yana jin motsi da yawa a falo, jan bokiti, muryar Mai Teku sau ɗaya, muryar Goggo sau da yawa. In ya tambaya sai a ce masa shara ake yi.

Ranar da likita ta ce ya ɗago, sai da aka tallafa masa, don wuyansa ya sandare. Idon ya tsira. Tantanin ya kama, labulen ya tafi, sai dai layin da yake miƙe yakan ɗan karkace in ya kalle shi da dama, kuma gefen bai dawo duka ba. Likita ba ta ɓoye masa ba: zama a gefen ɗalibi a kan titi ya ƙare. Bai yi musu ba, don shi ma tun yana kife ya riga ya yanke wa kansa wannan hukuncin. Makarantar ta ce ya riƙa koyar da alamun hanya da dokoki a aji.

Da suka dawo gida ya wuce falo kai tsaye, yana dafa bango. A bakin ƙofa ya yi mutuwar tsaye.

An ɗaga labule, rana ta cika ɗakin. An ja tankin daga gefen taga zuwa ɗaya bangon. Duwatsun da ya shafe shekaru yana jerawa, kowanne da wurinsa, an fitar da su kaf an sake musu zama. Tudun da ya gina a tsakiya babu shi. An yi wani irin baka mai ƙofa, kifayen masu ruwan lemo suna shiga suna fita ta ciki. Ɗan Gayu na nan da ɗan tabo a gefe, yana shawagi abinsa.

Ya rufe idon dama, ko shi ke yi masa ƙarya. Ba abin da ya canja.

"Wa... wa ya taɓa min duwatsu?"

"Ni," in ji Maman Biyu, tana ajiye jaka. "Ɗaya bayan ɗaya muka fitar da su ni da Goggo, muka bi kowane rami. Mun kama wasu kaskar guda uku, Mai Teku ya tabbatar. Da na zo mayarwa na manta yadda suke, sai na jera yadda ya yi min."

"Murjanin nan ba ya son ƙasa. Sama yake so, kusa da fitila."

"Haka ka ce. Duba shi."

Ya duba. Murjanin ya buɗe fiye da yadda ya taɓa ganinsa. Ya lalubi kujera ya zauna.

Maman Biyu ta naɗe hannun riga, ta ɗauko gwangwanin abincin kifi daga kan kabad.

"Ɗan matsa, Malam," ta ce. "Lokacin cin abincinsu ya yi, kuma in suka ga baƙuwar fuska ba sa fitowa."